Taragon da Ba Ya Tsayawa a Sorby

Montreal, Satumba 1925

Zuwa ga Yaya Turid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya. Yaya gwiwar tasa? Ni lafiyata lau, in ban da ɗan tari da hayaƙin garin nan ya sa mini. Na samu ɗaki a gidan wata tsohuwa, Madam Gauthier. Ba ta jin harshenmu, ni kuma ba na jin Faransanci, sai dai ta ajiye mini miyar wake ta nuna da hannu in ci. Haka nake ci ni kaɗai ina kallon bangon maƙwabta. Ban taɓa zaton mutum zai yi kewar Sorby ba, inda babu abin kallo sai ciyawa da tankin shayar da jirgin ƙasa da Baba ke tsarewa, amma ga shi ina yi.

Bayan haka, an ɗauke ni daga wajen gyaran jiragen ƙasa na tururi an kai ni sashen da ake haɗa wani sabon abu. Yaya, tarago ne guda ɗaya, amma shi ke jan kansa, babu kan jirgi a gabansa. A goshinsa akwai ɗaki da aka zaunar da inji mai shan man dizal, wanda aka kawo ta ruwa daga Sukotland. Injin ba ya taɓa ƙafafun taragon ko kaɗan. Janareta yake juyawa, ita kuma ta aika wuta zuwa wasu ƙananan injinan lantarki da ke maƙale a ƙasa, su ne ke murza ƙafafun. Bayan ɗakin injin sai ɗakin kaya da wasiƙu, sannan kujerun fasinja, da murhun kwal a lungu don ɗumi. Abin da ke sanyaya injin kuwa a kan rufi aka ɗora shi, sai ki ce taragon kaya ya ɗauko a ka.

Heluman sashenmu ya ce don ƙananan layuka irin namu ake yin sa. Tun da mutane suka fara sayen motoci, sai a tayar da ƙaton jirgi da ma'aikata biyar don ya kwashi fasinja shida da garwar madara. Wannan kuwa mutum biyu sun ishe shi. Ba ya buƙatar mai zuba kwal, ba ya kuma tsayawa shan ruwa. Ki karanta wa Baba, ki gaya mini abin da ya ce. Na san cewa zai yi ƙarya nake shararawa.

In kin samu sarari ki saƙa mini safa.

Ƙaninki,
Eskil

*

Tankin Sorby, Oktoba 1925

Eskil ƙanena,

Takardarka ta same mu lafiya. Gwiwar Baba tana nan yadda ka bar ta, in za a yi ruwa ita ke fara sanar da mu. Kada ka yi wasa da tarin nan, ka riƙa shan madara mai zafi da zuma. An gama yankan alkama, 'yan ƙwadago sun watse, wuri ya koma shiru. Safarka na cikin ƙunshin nan.

Na karanta wa Baba yana shafa wa injin jan ruwa mai. Bai ce ƙarya kake yi ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko in abin ya zo wucewa ta gaban gidan mutane haka zai wuce ba gaisuwa. Na ce ban sani ba. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Ranakunmu suna nan kamar da. Jirgi ya iso da hantsi ya tsaya a gindin tanki, Mista Rennie direba ya leƙo ya tambayi Baba ko ruwan yau na sha ne ko na wanki, Baba ya ce masa ya dai fi abin da yake sha a garin Dunmar ranar Asabar tsabta. Kullum zolayar ke nan, kullum su yi dariya kamar yau aka fara ta. Mai zuba kwal ɗin da ka sani ya tafi, an kawo wani, Wasyl Demchuk. Matarsa ta rasu tun shekarar annobar mura. Shi ke hawa ya jawo bakin tanki, ni kuma in miƙa masa kofi da gurasar dankali. Ba shi da surutu. Ranar farko ya juya gurasar ya ce ta yi kama da tsumman goge inji, amma ya cinye ta tas, washegari ya dawo mini da farantin da tuffa a kai. Kwanan baya ya sayo mini allurar keken ɗinki daga Dunmar, ban ma roƙe shi ba, mitar da nake yi kawai ya ji. Kafin jirgi ya ƙoshi mukan ɗan taɓa hira. Daga nan ya wuce, sai kuma gobe.

Eskil, da gaske ne abin da ka rubuta, ko ɗokin sabon aiki ne? Domin in aka kawo taragon nan layinmu akwai wanda zai rasa wurinsa, kuma tunaninsa yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa. Ka bincika mini.

Yayarka,
Turid

*

Montreal, Nuwamba 1925

Yaya Turid,

Ina gaishe ku ƙwarai. Tari ya tafi, safa ta yi daidai, har Madam Gauthier ta karɓa tana ta juya ta don ta ga irin saƙar.

Mun fita gwaji da wanda muka gama. Ni aka sa a ɗakin inji ina kula da mai da zafi. Ƙara kam akwai ta, in mutum zai yi magana sai ya manna baki a kunnen ɗan'uwansa, ƙasa kuma tana rawa har haƙora su riƙa haɗuwa. Amma yadda yake tashi, Yaya, babu huci babu jira. Jirgin tururi sai an hura masa wuta tun asuba kafin ya motsa, wannan kuwa ana kunna shi ya kama hanya. An ma tura ɗaya daga cikinsu tun daga nan har bakin tekun yamma don a ga ƙarfinsa, ya kuma isa. Ranar duk ma'aikata suka tafi shan giya, ni na dawo ɗaki don ba ni da wanda zan gaya wa abin da nake ji sai ke.

Game da Baba, ki kwantar da hankalinki. Na tambayi heluma kamar yadda kika ce. Jiragen kaya masu kwasar alkama na tururi ne, za su ci gaba da shan ruwa ko da sau biyu ne a mako, don haka ba za a rufe tanki ba, ba kuma za a karɓe gidan ba. Masu zuba kwal ne dai za a watsa su wasu layukan, su kuwa ko'ina aka jefa su tafiya suke yi. Wannan mutumin naki mai zagin gurasa ma bayansa ya huta.

Na ga sunan layinmu cikin waɗanda za a ba wa tarago baɗi.

Ƙaninki,
Eskil

*

Montreal, Janairu 1926

Yaya,

Da fatan lafiya. Tun Oktoba ban ga rubutunki ba. Na aiko wa Baba taba, ke kuma ɗankwali, ban ji ko sun iso ba. Kirsimeti na je wani coci da ban fahimci ko kalma ɗaya ba, na dawo na ci kek ɗin nama da Madam da 'ya'yanta, suna ta dariyarsu ina ta murmushi kamar wawa. Kullum na dawo aiki sai na duba kan teburin zaure. In Baba ne ba lafiya kada ki ɓoye mini. In kuma wani abu na faɗa, ki gaya mini mene ne.

Eskil

*

Tankin Sorby, Fabrairu 1926

Eskil ƙanena,

Muna nan da rai, kayanka sun iso, mun gode. Baba ya yi ciwon ƙirji tun kafin Kirsimeti, yanzu ya fara zama a kujera yana faɗa, ka san sauƙi ya samu ke nan. Dusar ƙanƙara ta rufe layi ya daɗe, babu mai shiga babu mai fita. Wannan shi ne rabin dalilin shiruna. Sauran rabin kuwa, na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Da Baba ya kwanta ni na riƙe injin jan ruwa. Na iya, ai tare muka taso muna kallonsa. Amma bututun ƙasa ya daskare, na yi ta zuba ruwan zafi a banza. Haka jirgin share hanya ya zo ya same ni, babu ruwan da zan ba shi. Wasyl ne ke zuba masa kwal. Ya sauko ya kwanta a ƙarƙashin tanki da tsumma da kananzir yana gasa bututun, har ruwa ya kawo. Da ya fito gashin bakinsa duk ƙanƙara, na ce ya shigo ya ji ɗumi.

Ranar ya fara shiga gidanmu. Ya zauna a kujerarka, hularsa a gwiwa, ya gaida Baba da ladabi. Ashe labarin taragonku ya cika Dunmar. Ya ce ana raɗe-raɗin za a tura su duwatsun yamma, inda hawa ya yi yawa, dole sai jirgin tururi. Ya daɗe yana kallon kofinsa, sannan ya ce, "Turid, kin taɓa ganin dutse? Ba irin wanda ake tsinta a gona ba." Na ce ban taɓa ba. Ya ce shi ma haka. Na ga kamar akwai sauran magana a bakinsa, sai direba ya busa usur, ya miƙe ya sa hula.

Na tsaya a ƙofa har hayaƙinsu ya ɓace. Eskil, shekarata talatin da huɗu. Tun da Mama ta rasu nake tsayawa a gindin tankin nan ina kallon bayan jirgi, kuma na gaji. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai.

Yayarka,
Turid

*

Montreal, Maris 1926

Yaya Turid,

Na gode wa Allah da Baba ya samu sauƙi. Ki ce masa ya bar fita da sassafe.

Takardarki ta tsaya mini a rai. Gaskiyarki, kin yi abin da za ki yi, lokaci ya yi da za ki ga gari. Na yi magana da matar da ke kula da ɗakin ɗinki a ma'aikatarmu, inda ake yi wa kujerun taragu riga. Na nuna mata safar da kika saƙa, ta ce ki zo. Madam kuma tana da wani ɗan ɗaki a sama. Baba sai ya ajiye aiki ya koma wajen ƙanwarsa Goggo Berit a Dunmar. Mu biyu a nan, ai ni ma na samu wanda zan ci abinci da shi.

Ga kuma labari mai daɗi. An gama taragon layinmu, an yi masa fenti kore, kuma heluma ya zaɓe ni. Zan zo da shi a watan Mayu. Za mu tashi da wuri don akwai gwaje-gwaje a hanya. Ki gaya wa Baba ya fito ya ga aikin hannun ɗansa.

Ƙaninki,
Eskil

*

Tankin Sorby, Afrilu 1926

Eskil,

Lafiya lau muke. Ƙanƙara ta narke, hanya duk taɓo, agwagin daji sun dawo.

Ba ɗinkin kujera nake nema ba, kuma Baba da Goggo Berit ba za su kwana biyu a gida ɗaya ba tare da wani ya fasa faranti ba. Amma duk wannan ya wuce tun da za ka dawo. Ba ka san nauyin da ka sauke mini ba. In kana nan tare da Baba, akwai tambayar da nake jin za a yi mini, kuma yanzu zan iya amsa ta. Ba maganar takarda ba ce, sai ka zo.

Na shanya katifarka. Baba ya ce ba zai kalli abin naka ba, amma jiya na kama shi yana yi wa ƙofar shinge fenti.

Yayarka,
Turid

*

Montreal, ƙarshen Mayu 1926

Yaya,

Ina gaishe ki da Baba. Na dawo jiya na tarar da takardarki ta Afrilu a kan tebur, ashe bayan tashinmu ta iso. Na karanta ta a tsaye, sannan na zauna a matakala.

Da na ce zan zo da shi, rakiya nake nufi. Aikina in kai shi lafiya in danƙa, in koma a ci gaba da na gaba. Ban lura da yadda maganar za ta faɗo miki ba.

Duk da haka na ɗauka za a tsaya ko da gaisuwa ce. A Dunmar manyan kamfani suka shigo da 'yan jarida. Na roƙi heluma a tsaya a Sorby, ya tura ni wajen babbansu. Mutumin bai yi mini wulaƙanci ba, dariya kawai ya yi ya dafa kafaɗata ya ce, "Samari, ai abin da muka zo nunawa ke nan, cewa ba ya tsayawa a tanki." Mista Rennie ne ke tuƙi, an koya masa. Na ga ya ji, da muka hango Sorby kuwa ya rage gudu iyakar yadda zai iya, ya danna oda bai saki ba.

Na gan ku. Kina sanye da shuɗiyar rigar Mama, Baba da hularsa ta zuwa coci, ga tebur kun fito da shi waje kun shimfiɗa masa farin ƙyalle. Na zura kai ta ƙaramar tagar ɗakin inji na kira sunanki, ni kaina ban ji muryata ba. Na ga kin tako zuwa bakin layi kina jiran mu tsaya.

A Vesper, inda layinmu ya haɗu da babban layi, aka sa mu a jirgin gabas tun kafin hannuna ya bushe daga wanki.

Wace tambaya ce za a yi miki? Wa zai yi ta?

Ƙaninki,
Eskil

*

Tankin Sorby, Yuni 1926

Eskil ƙanena,

Muna lafiya. Alkama ta fito da kyau bana. Ban yi fushi da kai ba. Na gan ka, fuskarka baƙa ƙirin da mai, bakinka a buɗe. Ka rame. Agwagwar da na gasa maka mun yi ta ci ni da Baba har ta ishe mu.

Tun da ka tambaya, bari in faɗa maka a fili, da ma tun farko haka ya kamata in yi. A takardata ta Oktoba ba Baba nake nufi ba.

Ana gobe za ku wuce jirgin tururi ya yi zuwansa na ƙarshe da fasinja. Mista Rennie bai yi zolayarsa ba ranar, ya sauko suka tsaya da Baba suna kallon ƙafafun jirgi kamar ba su taɓa ganinsu ba. Wasyl ya cika tukunyar jirgi ya mayar da bakin tanki, sannan ya sauko ya same ni a bayan ɗakin inji. Ya ce takardarsa ta fito, an tura shi Kettle Gap cikin duwatsu. Ya ce, "Sun ba ni gida mai ɗaki biyu. Ya yi wa mutum ɗaya yawa." Na ce ai sai ya sa ɗan haya. Ya ce ya yi tunanin haka, amma ɗan haya ba lallai ya iya gurasar tsumma ba. Muka yi dariya, sai kuma ya daina, ya cire hula ya tambaye ni sosai, yadda ake tambaya.

Na ce masa ƙanena yana dawowa gobe, ya jira ni a Dunmar zuwa ƙarshen mako, zan zo da kaina da amsa. Ya tafi yana murna, na ga alama.

Da kuka wuce na kwashe teburin. Washegari na rubuta masa cewa ba zan iya barin Baba shi kaɗai da ƙirjin nan ba, na ba mai keken madara ya kai. Ya tafi ranar Asabar. Bai aiko da komai ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Yanzu taragonka yana wucewa da hantsi, ya dawo da la'asar. Mutane sun sa masa suna Buzuzu. Mista Rennie yakan danna oda, mai kula da kaya ya jefo mana jakar wasiƙu ba tare da sun tsaya ba. Baba yakan shige ɗakin inji ya ba shi baya. Masu jirgin kaya baƙi ne, da nasu kofin suke zuwa. Akwai ranakun da ba na jin muryar kowa sai ta Baba, shi kuma ka san yawan maganarsa. Har yanzu nakan farka in fara dafa dankali kafin in tuna babu mai ci.

Yayarka,
Turid

*

Montreal, Yuli 1926

Yaya Turid,

Na gaishe ku. Lafiyata lau, zafi ne dai ya dame mu.

Na ɗauko takardunki duka na sake karantawa. Komai yana ciki, ni ne ban gani ba.

Taragon yana buƙatar makaniki a Dunmar mai duba shi kullum, wanda suka sa kuma injin tururi kawai ya sani. Na nemi a ba ni wurin. Heluma ya ce ban da hankali, ana shirin ɗaga ni zan koma ƙauye in riƙa goge abu ɗaya har in tsufa. Ya dai sa hannu, amma ya ce sai mun gama biyun da ke gabanmu, wato Nuwamba. Zan riƙa kwana a gida.

Ki rubuta wa mutumin nan yau. Kada ki jira isowata.

Ƙaninki,
Eskil

*

Cikin Buzuzu, a hanyar Vesper, Satumba 1926

Eskil ƙanena,

Lafiyata lau, Baba ma na bar shi lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, abin naka ne ke girgiza mini hannu.

Na rubuta wa Wasyl tun a Yuli kamar yadda ka ce. Shiru har yau. Ban sani ba ko takardar ta ɓata, ko an sake masa wuri, ko kuwa ya karanta ya ajiye. Na riga na haƙura, na ce in ka zo ma ga abin da za a yi.

Yau da safe na dawo daga tatsar saniya na tarar da akwatin Mama a tsakar ɗaki, Baba ya sauko da shi shi kaɗai da wannan gwiwar. Ya ce in zuba kayana. Na tambaye shi ina za ni. Ya ce, "Ke kin ɗauka ban san wanda ake yi wa gurasa ba shekara guda? Ciwon ƙirji na yi, ba makanta ba." Na ce mutumin bai ba ni amsa ba. Ya ce namiji da aka ce masa a'a a takarda ba zai yarda da i a takarda ba, sai ya gani da ido. Na ce to a bari ka iso. Ya ce in na jira Nuwamba zan jira narkewar ƙanƙara, daga nan kuma in jira ya mutu, shi kuwa bai shirya ba. Ya riga ya yi magana da matar maƙwabcinmu Tollefsen ta riƙa aiko masa da abinci. Mun yi musu sosai, har na yi kuka, shi kuwa yana ta naɗe keken ɗinkina da bargo.

Ka san doka, in aka ɗaga wa taragon ƙyalle dole ya tsaya, amma tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa ɗagawa a Sorby. Da muka ji odarsa daga nesa, Baba ya ɗauki jan ƙyallen aikinsa ya ɗingisa har bakin layi ya ɗaga. Taragon ya tsaya daidai ƙofar shinge, ba huci ba komai. Mista Rennie ya leƙo, ya dubi akwatin ya dube ni, sannan ya ce wa Baba ai ya ɗauka ya mutu. Baba ya ce warin dizal ne ya hana shi fitowa. Ya ɗan zagaya ya leƙa ɗakin injin, ya tambaya wane ɓangare ne ɗansa ya ɗaura. Mista Rennie ya ce duk wanda ba ya yoyo.

Gaskiya akwai wari, akwai ƙara, amma kujerun da laushi. Fasinja huɗu ne, da wata mata da kwandon 'yan tsaki. A Vesper zan jefa wannan a gidan waya in hau jirgin yamma. Ban san abin da zan tarar ba. In ban same shi ba, ko na same shi da wata maganar, zan nemi aikin girki a wurin, ba zan dawo da wuri ba. Kada ka gaya wa Baba wannan.

Na koma tagar baya da muka tashi. Baba bai ɗaga mini hannu ba. Yana nan tsaye a tsakiyar layi da ƙyallen a hannu, har na daina bambanta shi da ƙafar tanki.

Ka matsa musu su sake ka kafin ƙanƙara ta sauko. Ka riƙa rubuta wa Baba da manyan baƙaƙe, idonsa ya yi rauni. In shi kaɗai ne a tebur ba ya cin abinci, kuma ban da kofi babu abin da ya iya dafawa.

Yayarka,
Turid